Na kai Baba Yankari da niyyar mu dawo tare

Wata 7 Baba yayi a gidana a Rijiyar Zaki, kuma wallahi ban tuna ranar da ya wuni bai tambayi yaushe za'a maida shi gida ba. Aikin ido ne ya kawo shi Kano, yana ce ta rufe masa duka biyun, aka yi aiki lafiya ido ya buɗe tar, sai mu 'ya'yansa muka haɗa baki akan ya zauna kawai tunda Inna ta rasu babu mai kula da shi a ƙauye sai matar Baffa. Na gyara masa ɗaki, fanka, talabijin, sabuwar katifa. Katifar nan har yau tana jingine da bango da ledarta, a tabarma yake kwana. Ranar da ya sauka ma tambayar farko da yayi min itace, to ina rijiyar, ina zakin? Nace Baba suna ne kawai. Yace ai na ga alama.

Baba aikin gadin namun daji yayi a Yankari, ya kama aiki tun Bauchi tana cikin jihar Arewa maso Gabas, yana nan gwamnatin tarayya ta karɓi dajin a 1991, yana nan aka maido wa jihar Bauchi a 2006, bayan nan kaɗan yayi ritaya. Mahaifinsa kuma maharbi ne, irin masu ɗaura kan burtu a goshi suna rarrafe. Wato uba ya ƙare rayuwarsa yana harbinsu ɗa ya ƙare tasa yana tsaronsu. Da Sallah na ɗauka zan burge shi na kai shi gidan zu, ya tsaya gaban kejin zaki ya fi minti goma bai ce uffan ba, sai yace mu tafi. A mota ne yace min, ni da shi duk ɗaya ne, ana bamu abinci akan lokaci. Maganar nan ta tsaya min a rai, ita tasa na ɗauki hutun kwana huɗu a watan Janairu nace bari in kai shi ya ga dajinsa ya huce, mu dawo.

Ranar Alhamis muka fita bayan sallar asuba, da gangan, don ranar Juma'a kasuwar Wudil ke ci kuma wanda ya taɓa shiga gosulon motocin shanu a wajen ya san me nake gudu. Ni da Baba da ɗana Abba mai sunansa, ɗan shekara 9. Na sha mai na dubu 45 tun dare. Hazo ya sauko sosai, sanyi kamar me. Muna hawa gadar Dangi Baba ya juyo yace wa Abba, kai takwara ka taɓa ganin gada? Abba yace gata muna kai. Baba yace ka ji ko, kun cika gari da gada amma jikana bai san gada mai ƙafa huɗu ba. Da muka zo Mariri ma bai ƙyale ba, wai wannan sunan wata dabbar dawa ce mai dogon ƙaho, yanzu sai tireloli da gidan mai. Ni dai tuƙi nake.

Wudil, Birnin Kudu, kwanar Babaldu, duk mun wuce ba wani labari sai shingayen bincike, na ƙirga har tara na daina. A ɗaya daga ciki wani jami'i ya leƙo yace Baba me kuka taho mana da shi, Baba ya zaro goro ɗaya daga aljihu ya ɓara ya miƙa masa rabi, mutumin ya rasa abin cewa sai dariya yace Allah ya kiyaye hanya.

Daga inda duwatsun Ningi suka fara bayyana mutumin nan ya canza. Ya sauke gilas cikin sanyin nan, nace Baba mura fa, yace iskar da ba'a saya ba ce bar ni in sha. Ya fara kiran sunan itatuwa ɗaya bayan ɗaya kamar mai kiran rajista a aji, marke, taura, kaɗanya, ɗorawa, maɗaci, yana tambayar Abba ya maimaita. Amma abin da ya ɓata masa rai buhunan gawayi ne, jere a bakin titi, wani wajen tsibi guda ya fi tsayin mota. Yace ka ga wancan mai nauyin, ƙirya ce, itacen da zai shekara ɗari a tsaye an maida shi buhu uku, kuma ba mutanen nan ke ƙonawa ba, ku ne, ku mutanen birni. Ban tanka ba don na san a bayan kicin ɗina akwai buhu ɗaya da rabi, tunda gas yayi tsada Maman Abba ta koma gawayi, kuma Baba ya gani sarai.

Wajen Kafin Madaki na ce ko mu ratsa Sumu tunda akwai raƙuman dawa da jakunan dawa da aka kawo daga Namibiya a 2006, Abba ya gani. Yace a'a, waɗancan baƙi ne, ba'a fara gaida baƙo kafin masu gida.

Mun shiga Bauchi wajen sha ɗaya da rabi. Ni dai in na zo Bauchi ban ci masa ba to ban zo ba, muka tsaya wajen Wunti. Mutanen Kano ku yi haƙuri amma wainarmu ba ta kama ƙafar masar Bauchi ba, tasu faffaɗa ce, laushi kamar auduga, gefen ya soyu, a zuba miya da nama a barbaɗa yaji. Mu uku da shayi 5,500 na biya, na sa aka ƙulla mana wata a leda ta dubu biyu saboda dare. Ku riƙe maganar ledar nan. Muka yi azahar da la'asar a haɗe muka ɗauki hanyar Gombe, a Dindima inda gadar kogin Gongola take muka karya dama, daga nan sai ƙauyuka da gonakin da aka girbe har Mainamaji inda ƙofar dajin take.

A geti ana biyan kuɗin shiga na kowane mutum da na mota, ina tsaye ina karɓar rasit sai naji ihu a bayana. Wani ma'aikaci mai furfura a gemu ya durƙusa gaban Baba yana cewa Oga dama kana raye, ance ka makance a Kano. Baba yace makantar ta warke, Kanon ce bata warke ba. Ashe yaronsa ne a da, Baba ne ya koya masa bin sawu. Nan aka kira wasu matasa biyu aka ce ku zo ku gaida wanda ya riga ubanku sanin dajin nan. Ni ina gefe riƙe da rasit kamar direban haya. Wata bakwai a gidana ba wanda ya san shi sai mai gadin layi da limamin masallaci.

Daga geti zuwa sansanin Wikki kilomita 40 da ɗoriya ne, duk cikin daji, kuma Baba ya kafa doka, a kashe rediyo, kar in wuce 30. Na ce Baba a haka sai magariba. Yace ina kake sauri, wa ke jiranka? Bamu yi nisa ba muka tarar da gwaggon birai sun baje a tsakiyar kwalta suna cire wa juna ƙwarkwata, sai da suka ga dama suka tashi. Gaba kaɗan gadu da 'ya'yanta huɗu suka tsallaka da gudu, wutsiya a miƙe sama kamar eriyar rediyo, Abba ya kusa fita ta taga. Sai Baba yace tsaya, ya buɗe ƙofa ya sa sandarsa ya farfasa wani tulin kashi a gefen titi, ya duba cikinsa yace na giwa ne, kwana biyu, kuma sun yi kudu wajen ruwa. Na tambaya ta yaya ya sani. Ya kalle ni yace ance barewa bata gudu ɗanta yayi rarrafe, amma ni nawa ɗan ko rarrafen baya yi, sai dai ya hau mota.

Mun kama ɗaki ɗaya mai gado biyu. Ina sauke kaya daga but, Abba na riƙe da ledar masa, ban ma ga ta inda ya ɓullo ba, wani ƙaton biri kawai ya taho a tsaye kamar mai karɓar haraji ya fizge ledar ya haye rufin ɗaki. Abba ya fashe da kuka, ni na ɗauki dutse, Baba kuwa dariya har da riƙe ciki har hawaye. Wallahi rabon da in ji wannan dariyar tun Inna na da rai. Yace ajiye dutsen, kai ka shigo gidansa da abinci a hannu baka yi sallama ba. Birin ya zauna a saman yana cin masar Wunti ɗaya ɗaya yana kallonmu, dubu biyu ta tafi. In zaku je, leda ko wace iri ce a ɓoye ta, kuma a rufe ƙofa da taga, sun san yadda ake murɗa hannun ƙofa.

Da yamma ni da Abba muka gangara ruwan Wikki. Matakala ce mai tsawo zaka sauka, sai ka ga ruwan yana fitowa daga ƙarƙashin wani jan dutse, garai garai har yashin ƙasa kana gani, itatuwa sun yi masa rumfa. Ɗuminsa digiri 31 ne rani da damina dare da rana, cikin hunturun nan sai kaji kamar an surka maka ruwan wanka. Akwai ɗalibai da suka zo da bas suna ta hoto da kiɗa a waya, shi yasa Baba ya ƙi sauka, yace shi sai da asuba. Haka kuwa aka yi, na bi shi, tururi na tashi a kan ruwan ba kowa sai tsuntsaye, ya shiga har wuya ya rufe ido. A nan na sake ganin tabon cinyarsa, wanda muna yara muke tsoro. Ɓauna ce, saniyar sake, ta ɗauke shi da ƙaho ta yar a shekarun 1980. Wayar tarkon mafarauta ce ta ci mata ƙafa har ta ruɓe, shi kuma ya biyo sawu bai lura da iska ba. Har yau in yana bada labarin baya cewa ta kai masa hari, sai yace mun yi karo, kuma laifin mai tarko ne.

Amma bari in koma daren farko, don a nan muka yi maganar da ban taɓa yi da shi ba. Wajen sha ɗaya na farka ban gan shi ba, na leƙa na same shi a bakin ƙofa lulluɓe da bargo. Taurari kamar a miƙa hannu, can nesa kura na kuka. Na zauna nace Baba wai me muka rage ka da shi a Kano? Yace ba komai, abinci har ya yi yawa. Yayi shiru sannan yace, gidanka katanga ce da waya a sama da ƙofar ƙarfe, maƙwabcinka na dama wata bakwai ban san fuskarsa ba sai hon ɗin motarsa. Dare ba duhu rana ba shiru, janareto nan janareto can, ban san lokacin da gari ke wayewa ba sai lasifika ta faɗa min. A nan duk abin da zai kashe ka sai ya gargaɗe ka tukuna, giwa zata kaɗa kunne, ɓauna zata ɗaga hanci, maciji ma yana huci, amma ɗan adaidaita fa? Nayi dariya, shi bai yi ba. Yace zaki yake saurare, da a nan inda muke zaune kana jin gurnaninsa har ƙirjinka, yanzu saura 'yan kaɗan, duk Najeriya daga nan sai Kainji. Mun zauna har ɗaya bamu ji ba.

Safiyar Juma'a muka shiga buɗaɗɗiyar motar zagaya daji tare da wasu mutum shida da ɗan jagora. Lokacin rani ne mafi kyau saboda ciyawa ta bushe kuma dabbobi duk suna gangarowa kogin Gaji shan ruwa. Mun ga gwambaza da yawa, mazo ɗaya ya leƙo ya koma, kanki, zabin daji, garken ɓauna tsaye cikin ƙura suna kallonmu, kada kwance a kan yashi baki buɗe. Da gwanki ya fito Baba har ya ɗan miƙe yana cewa gwanki sha bara, kana nan ashe. Ɗan jagoran tun yana bayani har ya bari ya koma tambaya, wata mata 'yar Jos ta matso kusa da Baba da wayarta tana ɗaukar muryarsa. Abin da ba wanda ya gaya min shine ƙudan tsando, cizonsa kamar allura kuma ta cikin riga yake huda mutum, ni da na sa baƙar riga na fi kowa shan wahala don ashe duhun kaya yake bi. Awa biyu da rabi, giwa ko ɗaya. Sawu dai gashi nan kamar faranti, rassa a karye, amma su babu.

Na ce to shikenan an gani, Baba yace a sake biya da yamma. Kuɗin motar ba kaɗan bane kuma na so in yi gardama, sai na tuna zancen keji na zaro. Kafin lokacin muka leƙa ɗan gidan tarihin da ke sansanin, hauren giwa, fatu, tarkuna da bindigogin da aka ƙwace hannun mafarauta, Baba ya nuna wani tarkon ƙarfe yace irinsa ya fi ɗari ya tona da hannunsa.

Wajen biyar saura, rana tayi ja cikin hazo, muna gangara wata fadama Baba ya dafa kafaɗar direba yace kashe. Ni ban ga komai ba, ban ji komai ba. Minti uku sai ƙarar karyewar reshe, sai wata uwa ta fito daga cikin kurmi, sai wata, sai 'ya'ya a tsakiya suna tuntuɓe da hancinsu, na ƙirga 17 kafin ƙura ta hana. Babu hayaniya ko kaɗan, wannan ne ya bani mamaki, abu kamar ɗaki yana tafiya amma ba ka jin takunsa. Ɗaya tana da wani abin wuya, ɗan jagora yace na'ura ce da ake bin inda garken yake ta tauraron ɗan adam. Giwayen Yankari ana ƙiyasta su tsakanin 100 zuwa 150, kuma suna cikin mafi yawa da suka rage a ƙasar nan. Babbar ta tsaya ta juyo ta buɗe kunnuwa, cikina ya ɗuri ruwa, Abba ya ƙanƙame ni. Baba kuwa ya cire hula a hankali yana cewa ƙasa ƙasa, sannunku, sannunku da hanya. Da suka shige ya goge fuska da hular ya juyo yace min, kuɗin da ka kashe a idon nan yau suka biya.

Ranar Asabar yace mu biya ƙauye a gaisa kawai, yana gefen Alkaleri, hanyar ƙasa ce mai yashi sau biyu ina kafewa yara suna turawa. Baffa ya yanka mana zabi biyu, tuwon dawa miyar kuka da man shanu. Ana cikin ci Abba ya fara bada labarin giwa da murna, sai Baffa ya ajiye loma. Yace giwar da kuke biyan kuɗi ku kalla, bara waccan dare ɗaya ta shiga gonar surukinsa ta gama da dawar shekara, mutum na tsaye da tocila da garwa yana bugawa yana kuka. Baba yace gonar ce ta je hanyarsu, hanyar nan tun kakanmu suke bi. Baffa yace to Yaya sai a ci hanya? Suka yi ta yi, kuma gaskiya ni a raina Baffa ya fi hujja, mai yara takwas ba ruwansa da ƙiyasin giwa. Daga baya na lura wannan faɗan sun fi shekara talatin suna yinsa kuma duk su biyun daɗinsa suke ji.

Da la'asar na buɗe but zan ɗauko tsarabar da na kawo, sai na ga wani buhun Ghana-must-go a can ƙasa bayan safaya wanda ban sa ba. Na zuge, kayan Baba ne kaf, rediyonsa, buta, Alƙur'aninsa, maganin hawan jini na wata uku da ɗigon ido an rubuta lokutan sha da rubutun da na sani sarai. Na matsa inda ake samun sabis na kira Maman Abba, tace Baba ne ya roƙe ta kar ta faɗa, kuma ita ta kasa ce masa a'a.

Na same shi gindin tsamiya na faɗi duk abin da ke bakina, asibiti nisa, in jini ya hau cikin dare fa, ga maganar tsaro da ake ta ji a dazukan yankin, ga abin da 'yan uwana zasu ce min. Ya bari na gama yace duk gaskiya ne. Sannan yace gobe ka fita da wuri saboda hazo. Abin da na samu kawai alkawari ne, zai riƙa zuwa Bauchi duba ido da jini duk wata uku, zai bar waya a kunne a wajen ɗan Baffa, ni kuma in turo masa takwara duk dogon hutu.

Lahadi da safe muka juyo ni da Abba, kujerar gaba ba kowa. Duka tafiyar da mai da ɗaki da shiga da motar daji sau biyu da abin da na bar wa Baffa ta tasar min wajen dubu 230. Mun wuce Ningi kenan Maman Abba ta kira, wai in na ga gawayi a hanya in taho da shi ya fi na Kano araha nesa ba kusa ba. Na wuce tsibi na farko, na wuce na biyu, a na uku na tsaya na sayi buhu ɗaya aka ɗaura a but. Abba yana kallona ta madubi yace sai ya faɗa wa Kaka. Na miƙa masa 500, yace bata isa ba.